Juyi Ɗaya

A Yawuri ba a tambayar ɗan Basarke ko ya iya ruwa, kamar yadda ba a tambayar ɗan Bafillace ko ya san saniya. Ban san ranar da aka fara ɗora ni a kwalekwale ba. Abin da nake iya tunawa shi ne gadon bayan mahaifina yana lanƙwasa yana miƙewa, da ƙarar filafili yana tsaga kogin Kwara da asuba, muna tafiya duba gura. A wurinsa tuƙi ba shi da wani sirri: ka dubi inda za ka, ka sa ƙarfi, ka isa. Duk shekarar da aka yi bikin Rigata nakan kutsa cikin taro a bakin ruwa in ga samari sun cika jirgi, ganga na tashi, kowa yana zuba damtse har jijiyar wuya ta fito. Da wannan imani na girma, cewa tseren ruwa gwajin ƙarfi ne, kuma hanya mafi kusa ita ce miƙaƙƙiya.

Na gama digirina a fannin labarin ƙasa, aka tura ni Legas bautar ƙasa, na faɗa wani ƙaramin kamfani da ke fito da kaya daga tashar Apapa. Maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa ɗan wani kulob ne na masu tseren jiragen iska. Wata Asabar ya rasa wanda zai taya shi jan jirginsa zuwa ruwa, ya tuna akwai wani yaro a ofis da ya taɓa cewa shi ɗan masunta ne. Haka na tsinci kaina a wani wuri mai ciyawa shimfiɗe, inda kuɗin lemo ɗaya ya kai na abincina na yini. Ina tsaye a gefe kamar an aiko ni, sai na ji suna ta ambaton rigata. Na waiga. Ashe kalmar da na ɗauka tamu ce gada da gada tana da 'yar'uwa a bakin Bature. Wannan kaɗai ya sa na ji ba baƙo ba ne ni gaba ɗaya.

Mai kula da jiragen koyo wani dattijo ne, tsohon sojan ruwa, mutumin Zuru. Da ya ji inda na fito sai ya saki Turanci ya koma Hausa, irin ta bariki, mai gajerun jimloli kamar umarni. Kowa Baba yake ce masa. Shi ya fara ba ni jirgi, irin wanda ake kira Laser, wanda yanzu a hukumance ake ce wa ILCA. Wani ɗan Kanada mai suna Bruce Kirby ne ya zana shi, kuma tun 1996 ake tsere da shi a gasar Olamfik. Tsawonsa mita huɗu da 'yan kai, gangar jikinsa ba ta kai kilo 60 ba. Jigo ɗaya gare shi, da ƙyalle ɗaya mai kama iska, da sanda kwance a ƙasan ƙyallen wadda ake kira bum, da wani allo da ake zurawa ta tsakiyar jirgin ya nutse cikin ruwa, sai sitiyari a baya. Ba inji, ba filafili. Na dube shi na raina shi.

Ban yi minti goma a kai ba ya kife da ni. Na juyo da shi na hau, bum ya zo ya buge ni a ƙeya, na sake faɗawa. Sau bakwai a yinin nan. Baba yana zagaya ni a ƙaramin jirginsa mai inji, bai ce uffan ba sai da na gaji na rungume gefen jirgin ina haki.

"Ɗan Yawuri," ya ce, "ruwa ka iya. Iska ce ba ka iya ba."

Abin da ya fi ba ni wuya ba kifewa ba ne. Jirgin iska ba ya tafiya kai tsaye zuwa inda iska ke fitowa. Idan ka nufe ta gadan-gadan, ƙyallen zai yi ta kaɗawa kamar wanki a igiya, jirgin ya tsaya cik, har ya soma ja da baya. Iyakar abin da zai yarda da shi shi ne ka karkace kimanin digiri 45 daga fuskarta. A nan ƙyallen yake lanƙwasa ya zama kamar fiffiken jirgin sama, iska ta ja shi gaba da gefe, allon da ke ƙarƙashi ya hana zamewar gefen, abin da ya rage ya zama tafiya. Saboda haka in wurin da kake nufi yana can inda iska take busowa, sai ka bi ta dama, ka juya ka bi ta hagu, ka sake juyawa, kamar mai hawan dutse da kaya a ka. Na karanta wannan a takarda na fahimce shi cikin dare ɗaya. Jikina kuwa sai da ya yi wata shida yana gardama. Kullum hannuna yana son ya miƙe hancin jirgin zuwa ga abin da idona ke kallo, kullum kuma jirgin yana hukunta ni. Jinin mahaifina ne ke tuƙi, ba ni ba.

Da na gama bautar ƙasa kamfanin ya riƙe ni, sai rayuwata ta rabu biyu: kwana biyar na takardun kwastan, kwana biyu na ruwa. Idan iska ta yi ƙarfi tana neman kwantar da jirgin, matuƙi yakan saƙala ƙafafunsa a wani ɗamara da ke tsakiya, ya fitar da jikinsa waje, daga cinya zuwa kai yana reto a kan ruwa, nauyinsa ne kawai ke riƙe da jirgin a miƙe. Minti biyu na farko wasa ne. Daga na biyar cinya takan kama wuta. Baba ya ba ni labarin Paul Elvstrøm, ɗan ƙasar Denmak da ya ci zinare sau huɗu a jere a Olamfik, daga 1948 zuwa 1960, wanda ya riƙa yin wannan reto a kan benci a gida don ya saba wa jikinsa. Na sa kafinta ya haɗa mini nawa da ragowar katako. A ɗakin da muke haya mu uku a Obalende, abokan kwanana sun sha farkawa bayan sallar asuba su tarar da ni a rataye, fuska a murtuke, ina ƙirga daƙiƙu. Ɗayansu ya taɓa tambayata da gaske ko wani malami ne ya ba ni wannan aiki.

Ba ni da kuɗin safar hannu ta 'yan tsere, sai na riƙa sayen ta leburori in yanke kan yatsun. Daga baya na ga har manyan ma haka suke yi. Nauyina kilo 64 ne, bai isa babban ƙyalle ba, don haka na tsaya a matsakaici. Jirgin da aka bar mini ya girme ni, yana shan ruwa ta wani tsagi da muka kasa ganowa, duk bayan tsere sai na ɗaga hancinsa na tsiyaye. Abokan karawata kuwa yawancinsu tun suna shekara takwas suke cikin ƙananan jiragen Optimist, direba ya kawo su, direba ya mai da su. Ban ce sun wulaƙanta ni ba, ba su yi ba. Amma akwai irin kirkin da kan tuna wa mutum matsayinsa, kuma na ɗanɗana shi.

Ruwan Legas ba kogin Kwara ba ne. Kogi fuska ɗaya ya sani, shi kuwa wannan sau biyu a yini yake cikowa daga teku, sau biyu yake janyewa, kuma idan yana janyewa ta mashigin tashar gudunsa kan fi na jirgin da iska ta yi wa rowa. Ga manyan jiragen dakon kaya masu nufar Apapa da Tin Can, waɗanda ba su san da zamanka ba. Ga kainuwa da ke saukowa bayan damina, ga leda da kan naɗe allo ta rage maka gudu ba ka san dalili ba. Yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take zuwa, ta ƙarfafa da rana ta yi tsaka. A watan Disamba da Janairu kuwa hunturu kan iso, a gajiye, da ƙura a baki. Sauran matuƙa sun tsane shi domin ba shi da tabbas. Ni nakan ji kamar wani ne ya zo daga gida, ko da bai riƙo mini komai ba.

A hankali na koyi karatun da ba a yi da harafi. Duhun da ke gudu a fuskar ruwa iska ce tafe. Hayaƙin jirgin da ke can nesa yana faɗa maka abin da zai same ka nan da minti uku. Yadda gora take kwanciya, wato manyan alamomin da ake kafawa a ruwa don a zagaye su, waɗanda na laƙaba wa sunan gorar masunta har Baba ya ɗauka, shi ke nuna inda ruwa ke ja da kuma ƙarfinsa. A shekara ta uku na daina zuwa na ƙarshe. Na soma ganin ƙeyar na farko kusa.

Akwai wani abu game da wannan wasa da ya daɗe yana ba ni mamaki. A ƙwallon ƙafa alƙali yana biye da kai, kuma abin da bai gani ba bai faru ba. Har yabon ɗan wasa ake yi in ya iya ɓoye laifi. A irin tserenmu alƙalai suna zaune a jirginsu wajen layin tashi, suna ɗaga tuta suna busa ƙaho: saura minti biyar, saura huɗu, saura ɗaya, a tafi. Daga nan filin ya yi faɗin da ido ba zai iya tsarewa ba. Dokoki suna nan birjik, wanda iska ke shigo masa ta hagu ya kauce wa wanda take shigo masa ta dama, da sauransu, amma wanda ya karya doka shi ake jira ya hukunta kansa. Doka ta 31 ta hana taɓa gora. Wanda ya taɓa, sai ya fice daga hanyar mutane nan take ya yi juyi ɗaya cikakke da jirginsa, sannan ya ci gaba. Wanda ya shiga haƙƙin wani jirgi, juyi biyu. Ba wanda zai busa maka usur. Da na fara jin wannan na yi dariya a zuci, na ce wasan masu kuɗi ke nan, waɗanda rashin nasara ba ya hana su cin tuwon dare.

A ƙarshen wannan shekara aka shirya gasa ta kwana biyu, tsere shida, jirage goma sha huɗu a rukuninmu. An sanar cewa na ɗaya da na biyu kulob zai ɗauki nauyinsu zuwa wata gasa a ƙasar waje. Ni ko fasfo ban taɓa yi ba. Lissafin makin kuwa a juye yake: na ɗaya maki ɗaya, na biyu maki biyu, mai mafi ƙaranci shi ya ci, kuma ana yafe wa kowa tserensa mafi muni guda ɗaya. A tsere na biyu zumuɗi ya sa na tsallake layi kafin ƙaho, ban kuma dawo ba, aka rubuta mini 15. Yafiyata ta tafi ke nan tun ranar farko. Sauran na zo na uku, na biyu, na huɗu, na biyu. Kafin tseren ƙarshe ina da maki 11. Na farko ya yi mana nisa. Mai bi mini wani yaro ne ɗan shekara goma sha shida, mai shiru-shiru, yana da 14.

Ranar Lahadi da la'asar sakaliya aka tashi tseren ƙarshe, ruwa yana janyewa. Na tashi da kyau. A zagaye na biyu ina na biyu, da tazara mai ɗan dama tsakanina da yaron da wasu biyu da ke tare da shi. Da na doshi gorar sama, wata tsohuwar ganga ce da aka shafa wa fenti ruwan ɗorawa, sai na ga na yi kuskuren awo: na juyo da wuri, kuma ruwa yana tura ni kanta. Abin da ya kamata shi ne in ƙara juyi biyu gajeru in ba ta fili. Hannun mahaifina ya ce a'a, ga ta nan, miƙe. Na matse jirgin cikin iska, ya rage gudu, ya wuce ta da ƙyar, tazarar bai fi tafin hannu ba. Na saki igiya don in gangara, bum ya buɗe, sai na ji ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an ajiye cokali a faranti. Na farko ya ba ni baya. Na bayana ƙyallena ya tsare musu gani. Jirgin Baba yana can gefe, nesa, ban iya sanin inda yake kallo ba.

An ce tunani ya fi walƙiya sauri, kuma gaskiya ne, domin kafin in yi tsawon jirgi uku na gama shari'a na sallami kaina. Na ce wataƙila igiya ce ta bugi jigo. Na ce ko da taɓawa ce, ba ta ƙara mini gudu ba, ta ma rage. Na ce waɗannan yara za su fita waje ko da kulob ko babu, iyayensu na da hali, ni kuwa wannan ce ƙofata guda. Wannan hujja ta ƙarshe ita ta fi daɗi a baki, kuma ita ce har yau na fi jin kunyarta, domin na ɗauki talaucina na mai da shi lasisi. Doka ta ce nan take. Nan take ya wuce. Na ƙare na biyu, yaron na uku. Maigidana ya rungume ni a bakin ruwa, abin da bai taɓa yi ba.

Muna wanke jirage da ruwan famfo Baba ya zo ya tsaya a kaina, hannu a baya.

"Gorar sama, ruwa na janta yau," ya ce.

"Sosai, Baba."

Ya ɗan jima, ya wuce. Har gobe ban san ko magana ce kawai ko tambaya ba.

Da na zo naɗe ƙyalle sai na ga abin a ƙarshen bum: ɗan fenti ruwan ɗorawa, bai kai girman ƙwayar gero uku ba. Na sa babban yatsa na murza. Ya fita tas, ba gardama. Da ya yi taurin kai wataƙila da na ci gaba da kare kaina, amma sauƙin fitarsa ne ya tsorata ni. Shaida ɗaya ce a duniya, ga ta a yatsana, kuma na goge ta a wando.

Na je bayan rumfar jirage na yi alwala. Ina tsaye a sallah hankalina ya ƙi zama, ya tafi Yawuri. Masunta sukan kafa gura su shimfiɗa mamari su koma gida su kwana, dukiyarsu tana cikin kogi, ba mai gadi. Da asuba mukan wuce ta kusa da na wasu, wani lokaci kana jin kifi na motsi a ciki, namu kuwa wayam. Ban taɓa ganin mahaifina ya ko rage tuƙi ba. Bai taɓa yi mini wa'azi a kai ba, ban kuma taɓa ɗaukar abin a matsayin nagarta ba. Haka kawai ake yi, in ba haka ba ba wanda zai iya barci a garin. Ashe dokar da na kira ta masu kuɗi na girma a cikinta, a wurin mutanen da rashin kamu ke hana su tuwon dare da gaske. Sai kuma na tuna a tsere na uku na ga yaron nan ya fice gefe ya yi juyinsa shi kaɗai, ba wanda ya yi masa magana, har na wuce shi ina murna.

Wanda ya gane laifinsa bayan an gama tsere, hanya ɗaya ta rage masa, ya janye. Na tarar da matar da ke tattara sakamako tana shirin liƙa takarda. Na ce mata na taɓa gora a tseren ƙarshe ban yi juyi ba. Na zaci za ta yi mamaki, ko ta kira wani, ko ta dube ni da wani irin ido. Ko kai ba ta ɗaga sosai ba. Ta tambayi lambar ƙyallena, ta soke biyu, ta rubuta haruffa uku, ta gyara lissafi. Makina ya koma 26. Yaron ya hau na biyu da 16.

A motar haya, cikin cunkoson Marina, na yi lissafin da ya kamata in yi a kan ruwa. Juyi ɗaya ba zai ci mini fiye da jirage biyu ba. Da na ƙare na huɗu, makina 15, nasa 16. Da na yi abin da doka ta ce a lokacin da ta ce, da ni zan tafi.

Wasu a kulob sun yaba mini, na kuma ƙi jin daɗin yabon, domin na san abin da ya faru tsakanin gora da teburin matar nan: awa biyu cur ina riƙe da abin da ba nawa ba, har na karɓi runguma a kansa. Maigidana ya fi su gaskiya. Ya ce wanda ya biya bashi a makare da riba a kai ba kyauta ya yi ba. Yaron ya zo ya miƙo mini hannu, ya rasa abin faɗa, ni ma haka. Ya tafi gasar, ya dawo ya kawo mini safar hannu ta gaske, wadda har yanzu ban iya sa ta ba.

Da dare na kira gida.

"Ka ci?" in ji mahaifina.

"Ban ci ba, Baba."

"Iskar ce ta ƙi?"

"A'a. Ni ne."

Ya yi shiru, ina jin kukan kwaɗi ta bayansa. Sannan ya ce ruwa ya soma ja baya a wajensu, kifi ya yi tsada, in gai da maigidana.

Asabar ta gaba na iso da sassafe na tarar Baba ya riga ya sa jirginsa a ruwa, da agogo rataye a wuya. Bai ambaci gasar ba. Ya ja ni can tsakiya inda ba kowa, ya kashe inji.

"Ɗan Yawuri, juya."

Na tura sitiyari, na bi ta cikin iska, na sunkuya bum ya wuce, na gangara, na sake sunkuyawa, na dawo inda na fara. Jirgin ya kusa tsayawa.

"Daƙiƙa ashirin da biyu. Kamar tsohuwa da tulu. Sake."

Sau arba'in na juya a safiyar nan, har sama da ruwa suka haɗe mini, na yi amai ta gefen jirgi. Ya jira na kurkure baki, ya duba agogonsa.

"Sha huɗu. Sake."